Yadda Ake Zama Ɗan Najeriya a Doka, da Yadda Ake Rasa Wannan Matsayi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk wanda aka yanke wa cibiya a Najeriya ya zama ɗan ƙasa ke nan, kamar yadda ake yi a Amurka da Kanada inda wurin haihuwa kaɗai ya wadatar. Dokar Najeriya jini take bi: wane ne uban mutum, wace ce uwarsa, su wane ne kakanninsa. Saboda haka ana iya haifar yaro a tsakiyar birnin Kano, ya tashi ba ya jin wani harshe sai Hausa, amma doka ba ta san shi a matsayin ɗan ƙasa ba, alhali wani da aka haifa a Jidda ko Landan, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, cikakken ɗan Najeriya ne tun ranar da ya zo duniya. Hukunce-hukuncen duka suna cikin babi na 3 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, daga sashe na 25 zuwa na 32.

Ƙofofi uku ne ake shiga ta cikinsu: haihuwa, rajista, da takardar izinin zama ɗan ƙasa wadda ake ba baƙon da ya daɗe yana zaune. Abin da ya kamata ka fara tantancewa shi ne ta wace ƙofa ka shigo, ko ta wacce kake da damar shigowa, domin ƙofar ce take nuna abin da za ka iya riƙewa, da muƙamin da za ka iya nema, da kuma ko akwai mai ikon karɓe maka matsayin wata rana.

Fara da binciken asalinka

Idan an haife ka a Najeriya daga ranar samun 'yancin kai, wato 1 ga Oktoba 1960, zuwa yau, sashe na 25 ya ce kai ɗan ƙasa ne ta hanyar haihuwa muddin mahaifinka, ko mahaifiyarka, ko ɗaya daga cikin kakanninka huɗu ɗan Najeriya ne. Mutum ɗaya tak ya isa, kuma doka ba ta fifita dangin uba a kan dangin uwa ba. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai ga mutanen bakin iyaka irin na Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba, inda auratayya da mutanen Nijar ta girmi iyakar kanta. Yaron da aka haifa a Katsina, mahaifinsa mutumin Maraɗi ne, amma kakarsa ta wajen uwa 'yar Daura ce, ɗan Najeriya ne ta haihuwa, kuma ba alfarma aka yi masa ba.

Wanda aka haifa a Najeriya kafin 'yancin kai kuwa, sharaɗinsa shi ne ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma da ke da asali a Najeriya, sannan aƙalla ɗaya daga cikin iyayen ko kakannin a Najeriya aka haife shi.

Idan a ƙasar waje aka haife ka, da'irar ta ɗan ƙuntata, domin sai uwa ko uba ɗan Najeriya ne, kaka kaɗai ba ya ba ka matsayin haihuwa. Sai dai a nan ne nake ba da shawarar kada a yi gaggawa. Wanda kakansa ɗan Najeriya ne ya fara duba ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa da ta fito daga wannan kaka ita ma 'yar ƙasa ce ta haihuwa ba tare da ta taɓa riƙe fasfon Najeriya ba, tunda matsayin haihuwa ba ya jiran a cika fom kafin ya tabbata. Sashe na 31 ma ya ƙara sauƙaƙawa, inda ya ce iyaye ko kakannin da suka rasu kafin 1960 ana ɗaukarsu 'yan ƙasa idan da sun rayu zuwa ranar 'yancin kai za su samu matsayin ta haihuwa. Hausawan zangunan Kumasi da Ankara, da jikokin alhazan da suka yada zango a Sudan a kan hanyar Makka, da 'ya'yan mazauna Saudiyya, duk wannan tanadi ya shafe su. Matsalar ita ce waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka yi da Turawan mulkin mallaka suka zauna a wurare irin su Mai Wurno a Sudan, yawancinsu yanzu nasabar ta wuce kaka ta kai kakan kaka, kuma kafa hujja a kan irin wannan doguwar silsila ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai giɓi a wannan babi da ya kamata a faɗe shi a fili. Bai tanadi komai ba game da jaririn da aka tsinta ba a san iyayensa ba, ko yaron da aka haifa a Najeriya wanda iyayensa ba su da wata ƙasa da za su gadar masa, duk kuwa da cewa Najeriya ta shiga yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1954 da 1961 kan marasa ƙasa a shekarar 2011. A ganina wannan rashin adalci ne ga yaron da bai zaɓi yadda ya zo duniya ba, kuma gyaransa ya rataya a wuyan Majalisar Tarayya.

Tara takardun da za su tsaya maka

Zama ɗan ƙasa ta haihuwa ba a neman sa, amma ana neman shaidarsa, kuma a nan ne talaka ya fi shan wahala. Takarda ta farko ita ce ta haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta wajabta a yi wa kowane jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwarsa. Katin da asibiti ke bayarwa ba ya maye gurbinta. Babban da ba a yi masa rajista yana ƙarami ba sai ya yi rantsuwar shekaru a kotu, ya kai wa hukumar ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa. Ta biyu ita ce takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wadda aka fi sani da takardar indijin, wadda galibi ake farawa daga wajen mai unguwa, a bi ta hannun dagaci da hakimi, kafin ta isa sakatariya. Da waɗannan, da lambar NIN, ake zuwa Hukumar Shige da Fice neman fasfo.

Kada a ruɗe da lambar NIN, domin hukumar NIMC tana bayar da ita ga 'yan ƙasa da kuma baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, don haka ita kaɗai ba ta tabbatar da cewa mutum ɗan Najeriya ne. Haka kuma a kula sosai da yadda aka rubuta suna da ranar haihuwa a kowace takarda, saboda Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wata, ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni.

Takardar indijin tana da nata ciwon. Kundin Tsarin Mulki bai sanya ta cikin sharuɗɗan zama ɗan ƙasa ba, amma a aikace ta zama mabuɗin fasfo da aikin gwamnati da gurbin karatu, kuma akwai iyalai da suka yi shekara ɗari a gari irin Jos ana ce musu su koma inda kakanninsu suka fito su karɓo ta. Wanda ya samu kansa a wannan hali ya sani cewa hana shi takardar bai rage masa komai daga matsayinsa na ɗan Najeriya ba, kuma hanyar da ta fi sauƙi gare shi ita ce ya bi dangin uba ko na uwa zuwa ƙaramar hukumar da za a shaide su. Iyayen da suka haihu a waje kuma su kai takardar haihuwar yaron da fasfonsu ofishin jakadancin Najeriya su yi masa fasfo tun suna raye, saboda bayan rasuwarsu shaida tana yin wuyar samu.

Rajista: matar ɗan Najeriya da jikan ɗan Najeriya

Sashe na 26 mutum iri biyu kawai ya buɗe wa ƙofa. Na farko ita ce macen da take auren ɗan Najeriya ko ta taɓa aurensa, wanda ke nufin mutuwar miji ko mutuwar aure ba sa rufe mata hanya. Na biyu shi ne baligi mai hankali da aka haifa a waje wanda ɗaya daga kakanninsa ɗan Najeriya ne, kuma wannan ta fi amfani ga wanda iyayensa suka ajiye matsayinsu ko suka rasa shi. Sharuɗɗan uku ne: Shugaban Ƙasa ya gamsu cewa mai nema mutumin kirki ne, ya nuna a fili cewa Najeriya yake son mayarwa gida, sannan ya yi rantsuwar biyayya ga ƙasa da ke cikin jadawali na 7 na Kundin. Ba a ƙayyade adadin shekarun zama a wannan sashe ba.

Aure da kansa ba ya mayar da mace 'yar ƙasa, sai ta nema an ba ta. Ana shigar da buƙatar ne a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta shafinta na intanet, kuma galibi ana neman takardar aure, da takardar haihuwarta, da fasfonta, da izinin zamanta, da shaidar cewa mijin ɗan Najeriya ne, da wasiƙar goyon bayansa, da ta masu tsaya mata. Mu da yawancin aurenmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaurawa ba tare da an rubuta komai ba, wajibi ne wanda ya auro mace daga Nijar ko Chadi ko Sudan ya je kotun shari'a ko wurin rajistar aure ya karɓi takarda tun shaidun ɗaurin auren suna nan.

Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan dama. A watan Maris na 2022 an kawo ƙudurin gyara wannan tanadi gaban Majalisar Tarayya, aka kayar da shi, har ƙungiyoyin mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar, kuma bai shiga cikin gyare-gyaren da suka zama doka a 2023 ba. Abin da ya rage wa irin wannan miji shi ne matsayin baƙo na musamman da sashe na 32 ya ba Shugaban Ƙasa ikon tanadarwa, wanda ke ba da cikakken izinin zama, ko kuma ya bi doguwar hanya ta shekara 15. 'Ya'yansu dai 'yan Najeriya ne ta haihuwa ta wajen uwarsu, ko'ina aka haife su.

Hanyar baƙon da ya daɗe

Wanda ba shi da jini kuma ba shi da ƙofar aure, sashe na 27 ne nasa. Dole ne ya zauna a Najeriya shekara 15 a jere kafin ranar da ya shigar da buƙata, ko kuma ya zauna wata 12 a jere kafin ranar, sannan a cikin shekara 20 da suka gabaci waɗannan watanni zamansa ya kai jimillar shekara 15. Dole ne ya kasance baligi mai hankali, mai halin kirki, mai niyyar zama na dindindin, wanda ya amfani ƙasar ko yake da abin da zai amfane ta da shi, kuma ya yi rantsuwar biyayya. Akwai kuma sharaɗin da mutane suka fi mantawa da shi: sai gwamnan jihar da yake zaune ya ga cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, kuma ya saje da yanayin rayuwarsu. Wato maƙwabtaka, da jin harshen gari, da halartar suna da jana'iza, suna da nauyi a idon doka.

Shekarun da za a lissafa sai an iya kafa hujja a kansu, don haka kowane tsohon fasfo, da kowane katin izinin zama na CERPAC, da takardun biyan haraji, da na rajistar kamfani, a adana su kada ko ɗaya ya ɓata. 'Yan ƙasashen ECOWAS su lura cewa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 kwana 90 ta ba su su shiga ba tare da biza ba, wanda zai zauna fiye da haka sai ya karɓi katin zama, kuma shekarun da aka yi ba takarda suna da wuyar tabbatarwa. 'Yan Nijar kuma, tunda ƙasarsu ta kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, ya fi musu kyau su je ofishin shige da fice su ji matsayin takardunsu a yanzu.

Bayan an shigar da buƙata ta shafin intanet na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida an biya kuɗin da aka ƙayyade, hukumar tsaro ta DSS tana bincike a kan mai nema, a nemi ra'ayin gwamna, kwamitin ba da shawara kan zama ɗan ƙasa ya duba fayil, sannan a kai Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Ana yin rantsuwa da miƙa takardu ne rukuni-rukuni a wani biki. Aikin yana ɗaukar lokaci, kuma cika sharuɗɗa dama ce ta nema kawai, amincewa tana hannun Shugaban Ƙasa. A biya kuɗi ta hanyar da ma'aikatar ta shimfiɗa a karɓi rasit, a guji dillalan da ke alƙawarin gajeriyar hanya, domin fasfon da aka samu da takardar indijin ta bogi laifi ne da ke kai mutum kurkuku.

Wanda ya shigo ta rajista ko ta wannan hanya ba zai riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi da Kundin ya tanada ba sai bayan shekara 10, kamar yadda sashe na 307 ya ce. Kujerar Shugaban Ƙasa da ta gwamna kuwa, sashe na 131 da na 177 sun keɓe su ga ɗan ƙasa ta haihuwa kaɗai.

Riƙe ƙasa biyu

A nan ne bambancin ƙofofin ya fi fitowa. Ɗan ƙasa ta haihuwa yana iya karɓar izinin zama ɗan Birtaniya ko Amurka ko kowace ƙasa, kuma matsayinsa na Najeriya yana nan daram. Wanda ya shigo ta rajista ko ta takardar izini kuwa, sashe na 28 ya yarda ya riƙe ƙasar da ya gada ta haihuwa kawai. Ɗan Lebanon mazaunin Kano da ya zama ɗan Najeriya yana iya ci gaba da riƙe fasfon Lebanon, amma ranar da ya karɓi izinin zama ɗan Birtaniya, a ranar ya rasa na Najeriya, ba tare da an aiko masa da wasiƙa ko an kai shi kotu ba. Haka wanda aka haifa ɗan Sudan, ya zama ɗan Kanada daga baya, sannan ya nemi Najeriya, zai riƙe Sudan amma sai ya ajiye Kanada cikin wa'adin 'yan watanni da sashen ya ɗiba, in ba haka ba takardar da aka ba shi ba ta tabbata ba.

Yardar Najeriya rabin magana ce, sai an duba dokar ɗaya ƙasar. Gana ta yarda da riƙe ƙasa biyu, Nijar ta yarda tun 2014, Jamus ta sassauta dokarta a watan Yuni na 2024, amma dokar Kamaru ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe biyu ba, Indiya da Sin ma haka.

Ajiyewa da ƙwacewa

Ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 yana iya ajiye matsayinsa da kansa bisa sashe na 29, ta hanyar rubuta sanarwa a fom ɗin da aka tanada, ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ko ofishin jakadanci. Matsayin ba ya faɗuwa sai an yi wa sanarwar rajista, kuma Shugaban Ƙasa yana da ikon ƙin yin rajistar idan ƙasa tana cikin yaƙi ko ya ga abin ya saɓa wa maslahar jama'a. Sashen ya kuma ɗauki kowace matar aure a matsayin wadda ta kai shekarun, kuma wannan jimla ce ta jawo zazzafar muhawara a Majalisar Dattawa a watan Yuli na 2013, lokacin da Sanata Ahmad Sani Yarima ya ƙi amincewa a cire ta. Gargaɗina ga mai wannan niyya shi ne kada ya sa hannu sai yana riƙe da tabbaci a rubuce daga ƙasar da zai koma, domin babin bai shimfiɗa wata hanya ta musamman da wanda ya ajiye zai bi ya dawo ba, kuma wanda ya saki reshe kafin ya kama wani zai wayi gari ba shi da ƙasa ko ɗaya.

Ƙwacewa tana cikin sashe na 30. Wanda ya samu takardar izini, idan aka yanke masa ɗaurin da bai gaza shekara 3 ba a cikin shekara 7 na farko, Shugaban Ƙasa yana iya karɓe matsayinsa, kuma wannan bai shafi mai rajista ba. Abin da ya shafe su duka biyu shi ne nuna rashin biyayya ga ƙasa ta hanyar aiki ko furuci, ko yin ciniki ko hulɗa da abokan gaba ba bisa ƙa'ida ba a lokacin yaƙi, kuma sai an dogara da bayanan shari'ar kotu ko binciken da aka gudanar bisa ƙa'ida.

Ɗan ƙasa ta haihuwa babu mai ikon ƙwace masa, ko wane irin laifi ya aikata, kuma sashe na 41 ya hana a kore shi daga ƙasar ko a hana shi shigowa. Abin da kan faru shi ne a musanta cewa shi ɗan ƙasa ne tun asali. Haka aka yi wa Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno a jam'iyyar GNPP, wanda a watan Janairu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, jami'ai suka ɗauke shi daga Maiduguri suka tsallakar da shi Chadi bisa zargin cewa mahaifinsa daga can ya fito. Babbar kotu a Maiduguri ta soke umarnin korar, ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ne ta wajen mahaifiyarsa, ta kuma ce a biya shi diyya, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tsaya a kan cewa korar haramtacciya ce. Wanda aka yi wa irin wannan musu a yau, a ofishin fasfo ne ko a shingen kan hanya, ya nemi a ba shi dalilin a rubuce, ya tattara shaidar nasabarsa ta ɓangaren uba da na uwa duka, ya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Ba da Tallafin Shari'a idan ba shi da kuɗin lauya. Idan ta kai ga shigar da ƙara, Babbar Kotun Tarayya ce sashe na 251 ya ba hurumin sauraren shari'ar zama ɗan ƙasa.